Feshin Hana Ruwa: Daga Takalmin Kambas Zuwa Bindigar Maharbi

Jama'a masu sauraro, da ku masu karanta rubutaccen shirin a wannan shafi, barkanmu da warhaka, barkanmu da damina. Daga nan garin Makarfi nake magana, kuma in kun ji wata ƙara na shigowa ƙasa-ƙasa, ruwa ne ke dukan kwano, a yi mini afuwa. Ya ma zo daidai, don maganar ruwan za mu yi yau.

Na san wasu za su ce, yau kuma ɗan gwagwarmaya ya bar zancen taki da hanya da aikin matasa ya koma zancen gwangwanin feshi? To ku saurara. Cikin makonni biyu na samu saƙo iri ɗaya daga mutum uku. Ɗaya daga Hunƙuyi, ɗaya daga Gubuchi, ɗaya kuma daga wajen Paki ta ƙasar Ikara. Duk sun ga bidiyon nan da ke yawo a TikTok da Facebook, inda ake fesa wani abu a farin takalmi, a tsoma shi cikin taɓo, ya fito fes. Na Hunƙuyi yana son ya fesa wa tamfol ɗin da yake rufe barkono. Na Gubuchi rufin ɗakinsa ke yoyo. Na Paki kuwa maharbi ne, ya ce ko zai hana bindigarsa tsatsa. Kuɗi ne mutane za su fitar a wannan marra, kuma akwai inda in an yi kuskure lafiya ce za ta tafi. Shi ya sa na ga ya cancanci shiri guda.

Bari in fara da wautar da ni na tafka, don kada a ce ina wa'azi daga sama. Bara, wajen watan Yuli, na sayi gwangwani ɗaya a hannun wani mai talla a intanet. Ina da kambas ɗin da nake ji da shi, ga taɓon layinmu kun san yadda yake. Ranar da kayan suka iso ana ruwa, sai na shige ɗaki, na turo ƙofa, taga a rufe, na yi ta feshi, takalmi da jaka har da hula. Kafin la'asar tari ya kama ni, ƙirji ya ɗaure, zazzaɓi ya rufe ni. Inna ta leƙo ta ce, "Kai ɗan nan, wane irin turare ne wannan da ke neman kashe mai shi?" Sai da aka kai ni asibiti, na kwana biyu ban san daɗin numfashi ba. Ni da na yi jami'a, ga gargaɗi a rubuce a jikin gwangwanin, ban karanta ba. Daga nan ne na zauna na bi diddigin abin, kuma abin da na gano shi zan baje muku.

Da farko, yaya abin yake aiki? Duk wanda ya taɓa shiga fadama ya ga ganyen gwaza da safe. Ka zuba masa ruwa, ruwan ya dunƙule kamar tsakiya, ya gangare, ganyen a bushe. Dalili biyu ne. Fuskar ganyen tana da wani kaki-kaki da ruwa ba ya so, sannan tana da ƙananan ƙuraje da ido ba ya gani, waɗanda ke riƙe iska a tsakaninsu, sai ɗigon ruwan ya zauna a kan tsininsu bai taɓa ganyen sosai ba. Wani masanin tsirrai na Jami'ar Bonn a Jamus, Wilhelm Barthlott, ya yi shekaru yana nazarin wannan a ganyen wani furen ruwa na Asiya, kuma a 1997 shi da abokin aikinsa suka fitar da bayanin da ya sa kamfanoni suka rungumi dabarar. Masana suna auna abin da yadda ɗigon ruwa ke tsayuwa. In kusurwarsa ta haura digiri 90, sai a ce abu yana ƙin ruwa. In ta haura 150, shi ne irin na ganyen gwaza. Duk feshin nan kwaikwayon abin da Allah Ya riga Ya yi ne a ganye da gashin agwagwa.

To amma a kasuwa abu uku daban-daban ake sayarwa da suna ɗaya, kuma a nan mutane ke ruɗewa.

Na farko shi ne mai korar ruwa daga jikin ƙarfe, irin WD-40 da kuke gani a shagon masu kayan gyaran babur. Wani ƙaramin kamfani a San Diego ta Amurka ne ya haɗa shi a 1953, don hana jikin makamin roka mai suna Atlas yin tsatsa. Lamba 40 ɗin nan, a faɗar kamfanin, a gwaji na arba'in ne suka dace. Mai ne siriri ƙwarai. Yana shiga lungu ya kori danshi, ya sassauta noti da ya ciza. Amma ba ya daɗewa, kuma ba ya maye gurbin giris.

Na biyu shi ne na yadi da fata, irin Scotchgard da makamantansa. Wasu masana sinadarai biyu na kamfanin 3M, Patsy Sherman da Samuel Smith, su suka gano shi, aka fara sayar da shi a 1956. Yau wasu na silikon ne, wasu na sinadaran fulorin. Shi wannan yana lulluɓe zaren yadi ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya riƙa gangarewa, amma iska na wucewa.

Na uku shi ne na bidiyon, wanda ke gina irin ƙurajen ganyen gwaza a kan abu. Wanda ya yi suna shi ne NeverWet, da ya shiga shagunan Amurka a 2013, gwangwani biyu ne, a fesa na ƙasa sannan na sama. Ranar farko abin mamaki ne, gani ya kori ji. Matsalarsa, ƙurajen nan ba su da ƙwari. Hannu ya goge su, sabulu ya wanke su, mai ya kashe su, sannan yana barin wani fari-fari kamar hazo a kan abu mai duhu. Mai bidiyo yana nuna maka minti na farko ne, ba ya dawowa ya nuna maka bayan sati uku a hanyar Gimi.

Yanzu ina abin yake da amfani a gida? Na gwada da kaina bayan na warke, a tsakar gida wannan karon. Takalmin kambas da na fata, na biyun nan yana yi musu aiki, yayyafi da raɓar safiya ba sa shiga, amma in ka taka kududdufi ruwa ya haura idon sawu, to ka jiƙe. Jakar makarantar yara, wannan ina ganin nan ya fi biyan kuɗinsa, don littafi ɗaya da ya jiƙe ya fi feshin da ka yi tsada. Lemar da ta tsufa ta fara zubar da ruwa ta yadi tana farfaɗowa. Rigar ruwa ta ɗan acaɓa, in ta yadi ce, ita ma haka. Tamfol irin na kambas mai kauri yana karɓa. Amma ɗan'uwana na Hunƙuyi, in tamfol ɗinka irin na leda ne mai shuɗi, shi dama roba ne, ruwa ba ta jikinsa yake shiga ba, ta huda da ɗinki yake shiga. Faci yake so, ka adana kuɗinka.

Yadda ake yi kuwa ba wuya. A wanke abu, ya bushe ƙarau, don in ka fesa a kan datti, dattin ka yi wa riga. A fita waje, ka juya wa iska baya. Ka ba da tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin gwangwani da kayan. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Ka fara gwadawa a wani lungu da ba a gani, don wani yana sauya launi. Sannan a bar shi ya kwana ya wuni a inuwa kafin ruwa ya taɓa shi. In ka ga ruwa ya daina dunƙulewa ya fara shimfiɗewa, lokacin sabuntawa ya yi.

Sai kayan ƙarfe, kuma mu nan ƙasar noma ce, ƙasar rake da mazarƙwaila. Fartanya, garma, lauje, adda, injin ban-ruwa, injin matse rake, duk abokin gabarsu ɗaya, tsatsa. Tsatsa kuwa abu uku ne suka haɗu: ƙarfe, iska, ruwa. Ka raba ɗaya da sauran, ta tsaya. In fulogin babur ko na janareta ya sha ruwa ya ƙi tashi, irin na farkon nan zai fitar da kai kunya. In noti ya ciza, haka. Amma injin ban-ruwa da za ka ajiye tun daga Mayu har Oktoba, abin da yake so shi ne a tsiyaye ruwan cikinsa, a goge shi, a shafa giris, a ɗora shi a kan katako kada ya zauna a ƙasa. Ƙofar ƙarfe da tagar ƙarfe kuwa a kankare tsatsar da burushin ƙarfe, a shafa jan fentin nan na 'yan walda, sannan fenti a kai. Wannan zai kai ka shekaru, feshi kuwa makonni.

Ku ba ni hankalinku a nan, don zan lissafa inda ba a kai feshin nan ko kusa. Duk abin da ke taɓa abinci: tukunya, wuƙar girki, buhun hatsi, tabarmar shanya tumatir, da bakin injin matse rake inda ruwan rake ke bi. Shi wannan a wanke, a busar, a shafa ɗan man gyaɗa in za a ajiye, a sake wankewa kafin aiki. Baƙin mai da muke tsiyayowa daga inji ma bai dace da nan ba, akwai guba a cikinsa. Randa da tulu, kada wani ya ce zai hana su tsattsafo. Wannan tsattsafon shi ne firjinsu, ruwan da ke fitowa ta jikin yumɓu yana bushewa ne ya tafi da zafi, in ka toshe ƙofofin ka kashe sanyin. Gidan sauro mai magani, ka lulluɓe maganin ka gama da shi. Birkin babur da taya da ƙasan takalmi, silikon santsi ne, kana iya jawo wa kanka hatsari. Gilashin sola, hazon da wasu ke bari yana rage hasken da ke shiga. Kayan jarirai da zanen gado, a'a.

Waya kuma fa? Kun ga masu ɗiga wani ruwa a gilashin waya su ce ta zama mai hana ruwa. Ruwa ta wurin caji da lasifika da ramin layi yake shiga waya, gilashi dama ba ya shan ruwa. Wayar da ke jure ruwa tun daga kamfani aka yi mata roba a ciki, ita ce za ka ga an rubuta IP67, wato ta jure zurfin mita ɗaya na minti 30 a gwaji. In taka ba ta da wannan, leda ta fi maka.

Ɗan'uwana na Gubuchi mai rufin yoyo, feshi yana sa ruwa ya gangare ne, ba ya toshe rami. In kwano ne, ka nemo inda ƙusa ta saki ko tsatsa ta huda, a liƙe da kwalta ko faci, in ya ci da yawa a canza fallen. In soro ne, ka duba indararo tukuna, sau da yawa shi ne ya toshe ruwa ya kwanta.

To mu zo kan bindiga, kuma zan yi maganar a fili don kada a juya mini ita. Ba na kiran kowa ya je ya nemi bindiga. Dokar makamai ta ƙasar nan, wadda ta samo asali tun 1959, ta ce ko bindigar toka ce, irin wadda ake ɗurawa ta baki, kwamishinan 'yan sanda na jiha yana iya hana riƙe ta sai da lasisi. Maganata da waɗanda doka ta san da su ce: maharban da suka gada, da masu buga bindiga a hawan Sallah na Zazzau, waɗanda tun asali su ake kira 'yan bindiga kafin ɓarayin daji su ɓata sunan. Kuma abin da ya dame ni a nan shi ne hannu da idon mai riƙe da ita, da yaran da ke gidansa.

Ina da kawu maharbi, tun ina yaro nake bin sa ina riƙe masa gora. Shekara biyu da suka wuce, da damina ta kama aikin gona ya yi yawa, sai ya naɗe bindigarsa cikin leda ya jingine a lungun ɗaki, a ganinsa ya kare ta daga ruwa. Da kaka ta yi ya kwance, ƙarfen ya yi ja kamar an barbaɗa masa jan ƙasa. Leda ba ta numfashi. Danshin da ke ciki da rana ya zama tururi, da dare ya koma raɓa ya kwanta a kan ƙarfe, kullum haka har wata huɗu. Muka kai wa maƙeri, ya haska cikin bututun da tocila, ya girgiza kai ya ce, "Malam, wannan ta gama aiki." Kawu ya so ya yi gardama, don bindigar ta mahaifinsa ce. Na ce, "Kawu, don Allah ka tuna mutumin nan na ƙauyen gaba da ta fashe a hannunsa." Duk mun san shi, yatsu biyu ya rasa, yau ko fartanya da ƙyar yake riƙewa. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, ka yi gaskiya." Yanzu tana rataye a bango don tarihi, ba a ƙara ɗura ta ba.

Abin da ya sa bindigar toka ta fi fartanya saurin ruɓewa shi ne albarushi. In ya ƙone yana barin toka mai gishiri-gishiri, ita kuma tana jawo danshi daga iska, ta riƙa cin ƙarfe daga ciki inda ido ba ya gani. To ka ga wanda ya fesa abin hana ruwa a waje, cikin kuwa na ruɓewa, ya yi wa kansa kwalliyar banza. Wanda ya fesa a kan tsatsa kuma ya rufe danshi ne a ƙarƙashi. Irin na bidiyon nan bai dace da ita ba ko kaɗan, don abu ne da hannu ke riƙewa, mai ke taɓawa, zafi ke bugu, cikin kwana kaɗan zai goge. Cikin bututu da wurin kunama kuwa ba a zuba musu wani abin da zai daskare. Irin na farkon, mai korar ruwa, iyakarsa in ruwa ya doke ka a daji ka dawo, ka goge jikin ƙarfen na waje da shi kafin ka shafa mai na sosai.

Abin da tsofaffin maharba ke yi tun kafin a haife mu shi ne daidai: a tsabtace ta bayan an yi amfani da ita, a busar da ita sarai, a shafa mai kaɗan da tsumma, katakon a murza masa kakin zuma, a rataye ta inda iska ke zagayawa, nesa da ƙasa da bango mai danshi. Ni kuma zan ƙara uku. Kada a ajiye ta a ɗure, ko na dare ɗaya, mun sha jin yaro ya ɗauka da wasa an yi jana'iza. A kulle ta inda yaro ba ya kaiwa, albarushi kuma a wani wuri daban. Sannan gwangwanin feshi iskar gas ce ke turo shi, irin mai kama wuta, don haka shi da albarushi da murhu da sigari ba sa zama ɗaki ɗaya. In kuwa tsatsa ta riga ta yi ramuka a cikin bututu, babu feshin da zai mayar da ƙarfen da ya tafi. A haƙura da ita. Sarakunan baka da shugabannin maharba na Makarfi da Kudan da Ikara, don Allah ku riƙa duba na yaranku kafin a fita farautar rani.

Mu dawo kan lafiya, don abin da ya same ni ba ni kaɗai ya taɓa samu ba. A watan Maris na 2006, a Jamus, an janye wani feshi mai suna Magic Nano daga kasuwa cikin 'yan kwanaki, bayan sama da mutum 100 sun kamu da matsalar numfashi, wasu har aka kwantar da su. Dalilin a bayyane yake. Huhunmu a jiƙe yake aiki, akwai wani siririn ruwa da ke riƙe ƙananan jakunkunan iska a buɗe. Ka shaƙi abin da aikinsa korar ruwa, ka ga inda za a kwana. Wanda ya fesa kuma ya kunna sigari da ragowar abin a yatsunsa, nasa ya fi muni, don zafi yana mayar da sinadarin hayaƙi mai guba. Takunkumin yadi irin na zamanin korona ba ya tare shi. Iskar waje ce kariya. Mai asma, mai juna biyu, ƙananan yara, har kaji da tantabaru, a nisanta su. In ka fesa ka ji tari da ɗaurewar ƙirji, ka fita iska, ka tafi asibiti, ka riƙe gwangwanin a hannu don likita ya ga abin da ka shaƙa.

Akwai kuma cutar da ba a gani yau. Da yawa daga cikin masu fulorin ɗin nan suna cikin dangin sinadaran da ake kira PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa, suna kuma taruwa a jikin mutum. A shekarar 2000 kamfanin 3M da kansa ya sanar da daina yin ɗaya daga cikinsu, PFOS, wanda a da shi ne ƙashin bayan Scotchgard, aka sauya haɗin. A 2009 aka saka shi cikin jerin yarjejeniyar Stockholm, wadda Najeriya ke cikinta, a 2019 aka ƙara da ɗan'uwansa PFOA. Tambayata ita ce, gwangwanin da ya shigo mana ba sunan kamfani, ba adireshi, ba ranar lalacewa, wa ya san abin da ke ciki? Mu da rijiyarmu ke tsakar gida, fadamarmu ke bayan gari. In za ka saya, ka nemi wanda aka rubuta abin da ya ƙunsa, na silikon ko na kaki ya fi kwanciyar hankali. Gwangwanin da ya ƙare kuma kada a jefa a wuta, fashewa yake yi, kada a ba yara su yi mota da shi. Araha ba ta ado, jama'a.

Abin da ya fi ba ni kunya a binciken nan shi ne da na gane kakanninmu sun daɗe da wannan ilimi. Maginan Hausa suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a kwaɓa da ƙasa a yi yaɓe, ruwa ya bi ta kai ya wuce. Suna da laso, haɗin katsi na karofin marina da gashin majema da dafara, wanda ake shafe rufin soro da shi. Ku shiga birnin Zariya ku ga tsofaffin soraye da suka ga damina fiye da ɗari suna tsaye. Dukawa suna da man kaɗe da kakin zuma na fata. Na gwada kakin zuma da man kaɗe a takalmin fata na ƙafar dama, feshin kanti a na hagu, na yi wata guda ina yawo da su. Na hagu ya fi kyan gani ranar farko. Na dama ya ɗan yi duhu, amma shi ya fi daɗewa yana korar ruwa, fatar kuma ba ta tsage ba. Da tsohuwar zuma ake magani, ashe har da kakinta.

To ga inda zancen ya haɗu da abin da muka saba yi a shirin nan. Kullum muna kukan babu aiki. Ga sana'a nan a gabanmu. Matashi ya samu burushin ƙarfe, giris, jan fenti, kakin zuma, kwalta, da gwangwani ɗaya ko biyu na kirki, ya koyi wanne ke tafiya da wanne. Kafin damina ya bi gida-gida yana duba rufi da ƙofofi. Bayan noman rani ya bi manoman fadama yana gyara musu injin ban-ruwa don ajiya. Ranar kasuwa ya kafa tebur yana yi wa takalma da jakunkuna. Manomin da ya san kuɗin sabon inji ba zai ƙi biyan kuɗin hana tsohon ruɓewa ba. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke nan garin, ku kuma ga aikin wayar da kai, ku faɗa wa mutane illar feshi a rufaffen ɗaki, har da na maganin sauro da na ciyawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda zai yi wannan ya fara shiri tun yanzu.

Kafin in rufe, amsa a taƙaice ga mutanena uku. Na Hunƙuyi, ka yi wa tamfol faci. Na Gubuchi, ka hau ka nemo ramin. Na Paki, Baba, ka tsabtace ta, ka busar, ka shafa mai, ka rataye ta babu ɗuri, in maƙeri ya ce ta gama aiki ka yarda da shi. Wanda kuma ya san wani magini da har yanzu yake haɗa laso ko makuba a ƙasar Makarfi, Kudan ko Ikara, ya ajiye mana saƙo a ƙarƙashin wannan rubutu, ina so in je in zauna da shi mu naɗi shiri guda kafin ilimin ya bi masu shi. Ku tura wa wanda kuka san yana shirin sayen gwangwanin nan.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da ambaliya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.